Ƙulli Biyar a Zaren Dije

To, Nana, na ji ki. Ina kwance nan ɗaki kina yi wa ƙawayenki bayanina a tsakar gida, kinka ce wai kakarki ba ta taɓa yin sana'a ba, yawon gidajen mutane kawai ta yi da zama bisa tabarma tana cin goro. Ƙafafu ne sunka gaji, 'yar nan, kunnuwa suna nan daram. Ku matso kusa ke da su, ku bar wagga dariya. Ku da kuke hawa babur ku je Goronyo ku komo kafin tuwo ya huce, ku zauna ku ji yadda anka yi aikin sasanci lokacin da jaki ne motarmu, Nasara na mulki, ba a ko yi mafarkin madatsar ruwa ba.

A ƙasarmu wagga, daga Wurno har Rabah har Goronyo, da wuya ki iske gidan da babu ɗan riƙo. Ana yaye yaro, gwaggonsa ta zo ta goye shi ta tahi da shi, ko kaka, ko ƙanwar uwa. Wata don ba ta haihu ba, wata don uwar ta rasu, wata ko don zumunci ya ƙara ƙarfi. Abu ne mai kyau, ni ma cikinsa na tashi. Sai dai shekara na tahiya magana ta taso: an bar shi da yunwa, aiki ya yi mata yawa, uban na son abinsa, mai riƙo ta ce sai bayan ranta. Akwai alƙali, akwai hakimi. Amma maganar da duk ta kai gaban alƙali, ko an raba gardama, 'yan'uwan nan ba su ƙara sa hannu akushi guda. Kuma alƙali namiji ne, ba ya wuce zaure. Mu ke shiga cikin gida.

Gwaggo Hajo, yayar babana, ita ta ɗauko ni daga Marnona ina 'yar shekara biyu, ita kuma ta koya mini aikin. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sa ta huta. Kayan aikinta duka cikin taskira guda suke: mazari na kaɗi, da shiɓar auduga, da ɗan alli na shafa wa yatsu, da goro naɗe cikin ganye. Ban taɓa jin ta shiga gida ta ce ta zo sasanci ba. Sallama za ta yi, a shimfiɗa mata tabarma, ta ce rana ta yi zafi, bari ta huta ta ɗan yi kaɗi. Mace in ta ga wata na kaɗi ba ta iya zama hannu biyu, sai ta ɗauko nata mazarin. Idon kowa na bisa zarensa, ba mai kallon fuskar wani, sai ki ji abin da ke ciki ya fara hitowa shi kaɗai.

Aikin farko da na bi ta, wani gida ne nan Wurno bayan marina. An kawo ƙarar wata mata, wai tana horon marayan yayarta da yunwa, dangin uban yaron sun tashi za su zo su ɗauke shi da rigima. Munka zauna tun hantsi har azahar, Gwaggo na kaɗi tana hirar ruwan sama da ciwon gwiwa. Ko sau ɗaya ba ta ambaci yaron ba. Da munka hito ta ce mini, "Mi kinka gani?"

Na ce, "Yaron ya rame, Gwaggo. Gaskiyarsu."

Ta ce, "Nata ɗiyan hwa? Sun yi ƙiba?"

Ta ce, "Kin duba ƙafarsa? An shafe ta da man kaɗe, ba faso ko guda. An yi masa aski sabo. Wadda ke ƙin yaro ba ta duƙawa ta shafe masa dunduniya. Kin ga kaji ƙarƙashin rumbu? Ba ko ɗaya, don ba abin da ke zuba. Gidan ne duka ke jin yunwa, maigidan na kunyar faɗi."

Washegari ta je wurin dangin uban, ta ce musu yaronsu na nan lahiya, yana ta ambatonsu, da za su aika masa da ɗan gero na gaisuwa da ya ji daɗi. Sunka aika da dami huɗu. Ba wanda anka kunyata, yaro ya zauna inda yake, har ya girma ya zama marini.

Haka na yi shekara goma sha biyar ina ɗaukar mata taskira. Ta koya mini kada in zaunar da masu faɗa biyu tabarma guda sai na gama da kowanne shi kaɗai. Ta koya mini yadda ake ɗaukar magana. In wagga ta ce, "Ki gaya mata Allah Ya isa," abin da zan kai shi ne, "Ranta ya ɓaci ƙwarai, har abinci ba ta ci." Ban yi ƙarya ba, kuma ban kai wuta ba. Lada ko, ba a ciniki. Wani ya ba ki damin gero, wata kwandon albasa, wata zane da salla. Wata ko ta raka ki ƙofa da zagi, ki ce mata Allah Ya huci zuciya, ki koma jibi.

Shekarar da na yi kuskuren da ba ni mantawa, lokacin yaƙin Nasara ne, sa'ad da ake kwasar maza zuwa aikin tilas na haƙar kuza. Damina ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa, ga gonaki ba maza. Wagga shekara ce mutane sunka dinga maido ɗiyan riƙo gidajen iyayensu suna kuka, don ba abin da za su ba su. Aiki ya yi mana yawa, gwiwoyin Gwaggo kuma sunka ƙi, ko jaki ba ta iya hawa. Ni ina da shekara ashirin da bakwai, ga aure ga ɗiya biyu, kaina na gaya mini na gama sanin komai. Sai ga manzo daga Rimawa.

Ga yadda maganar take. Wata mata ce Dije, mijinta Mani an tahi da shi kuza, sai labarin rasuwarsa ya komo. Ta gama takaba tana zaune gidan surukanta da ƙananan ɗiya biyu. Tana da wata ɗiya, Kulu, wadda tun yaye anka ba Tumba, yayar Mani, da ke aure Rabah ba ta taɓa haihuwa ba. Kulu ta kai shekara bakwai, ta kama ta takwas. To, mijin Tumba ya ga yadda ƙasa ta yi, ya ce shi kam ya yi niyyar gabas, zai bi ayarin masu zuwa Makka da ƙafa. Ku kun san jirgin sama. A lokacin mutum kan yi shekara biyar, bakwai, yana tahiya yana tsayawa yin ƙodago, kuma da yawa ba su komowa. Tumba ta ce ƙafarta ƙafar Kulu. Da ta zo Rimawa bankwana, Garba yayan Dije ya ji, ya zo ya tsaya ƙofar gida yana rantsuwa ba mai kai 'yar ƙanwarsa ta mutu cikin daji, in ba haka ba su haɗu gaban alƙalin Goronyo. Saura kwana goma sha biyu ayari ya tashi.

Gwaggo ta miƙo mini taskira ta ce, "Tahi, Aisa. Ki yi a hankali."

Na hau jaki tun da sassafe, na isa Rimawa da la'asar. Na iske gida cike, kowa na magana, ba mai jin wani. Na ce a raina, kwana goma sha biyu ba na zaman kaɗi ba ne, abu ga shi a fili: yarinya na da uwa, a tambayi uwa. Da safe na sa anka shimfiɗa tabarmi tsakar gida. Ga uwar Mani, tsohuwa, ga Tumba da Kulu jingine jikinta, ga matan gida, ga Garba bakin zaure. Dije na can gefe kusa da turmi, ta ja zane ta rufe kai. Na gyara murya yadda nake jin manya na yi, na ce, "Dije, kowa ya faɗi nasa sai ke. Gaban Allah da gaban mutane, kina son a maido miki ɗiyarki, ko ta bi gwaggonta?"

Ba ta ɗago ba. Can ta ce, a hankali, "Ni ba ni da ɗiya Rabah. Ɗiyar Yaya Tumba ce."

Garba ya yi tsalle ya miƙe. "Dije! Mi kinka ce? Ni ina ta kashe kaina dominki!"

Ta ce, "Abin da na ce ke nan, Yaya."

Ya kakkaɓe riga ya ce in ya ƙara taka gidan nan ba ubansa ya haife shi ba, ya tahi. Ni ko na ce alhamdu lillahi, uwa ta yi magana, an gama. Anka yi fatiha. Tumba ta kama hanyar Rabah da yarinya, ni na kamo ta Wurno da kwandon albasa bayan jaki, ina jin kaina sama. Wallahi har waƙa na yi a hanya.

Na iske Gwaggo bakin ɗakinta ta miƙe ƙafafu cikin rana. Na zayyana mata komai. Ba ta ce madalla ba. Ta jawo taskirar ta buɗe, ta ga shiɓar auduga yadda ta ba ni ita.

"Ba ki yi kaɗi ba."

"Ba lokaci, Gwaggo."

"Da kinka tambaye ta, uwar mijinta na wurin?"

"Tana wurin."

"Yarinyar, ta nawa ce ga uwar?"

Na ce, "Ta fari."

Ku 'yan yanzu kuna rungume ɗan fari kuna yi masa rawa gaban kowa, to a da ba haka ba. Ɗan fari kunyarsa ake ji. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle gaban surukai. In ta yi, a ce ba ta da kara, a yi ta yi da ita har tsufanta. Na san wanga tun ban san hannun damana ba. Sai ga shi na tsayar da mace gaban uwar mijinta da gawar ɗanta ba ta daɗe da sanyi ba, na ce ta buɗe baki ta ce tana son ɗiyar fari.

Gwaggo ta ce, "Aisa, ke ma ta fari ce. Shekara ashirin da bakwai, kin taɓa jin uwarki ta kira sunanki?"

Na ce, "A'a."

"Soyayyar gyaɗar da ke zuwa daga Marnona kowace ranar kasuwa, tana cewa a ba Yaya Hajo, alhali ta san sarai ba ni cin gyaɗa, wa ke cinye ta?"

Nan na zauna ƙasa na yi kuka, ba ni jin kunyar faɗi. Na ce bari in koma in tara su in ce na yi kuskure.

Ta ce, "Kul! Kin ƙulla gaban mutane, an shafa fatiha. In kinka je kinka warware, kin kunyata Tumba, kin mai da Dije maƙaryaciya, Garba ya yi ta alfahari, gida biyu sun rabu har abada. Abin da kinka yanke ya zauna. Ki nemi wata ƙofa."

"Wace ƙofa, Gwaggo?"

"Ina na sani? Ni na je? Ɗauki mazarinki ki koma."

Saura kwana tara. Na koma Rimawa, na ce wa tsohuwa na manta allina ne, kuma jakina na ɗingishi, zan kwana biyu. Na shiga ɗakin Dije na zauna na fara kaɗi. Ranar farko ba ta ce mini komai ba sai sannu. Ta rame, idanunta sun faɗa. Rana ta biyu ta ɗauko nata mazarin. Munka yi ta yi, ba ka jin komai sai ƙarar mazari cikin tasa. Can wajen azahar, idonta na bisa zare, ta ce, "An ce hanyar gabas akwai inda ake kwana uku ba ruwa."

Na ce, "Haka na ji."

Ta ce, "Manya dai suna iyawa."

Yatsuna sunka yi gumi, na miƙa hannu cikin taskirarta in ɗauki alli, sai na taɓo wani zare mai kauri, naɗe shi kaɗai. Na warware shi. Tsawonsa ya kusa kai mini ƙirji, ga ƙulli biyar jere wajen ƙarshensa, kowanne sama da ɗan'uwansa da kamar yatsa uku. Na ce, "Wanga hwa?"

Ta ce, "Zaren banza ne." Ta juya mini baya tana gyara auduga. Sai can ta ce, "Wata mai kai albasa Rabah ce ke yi mini awo, in an yi kaka."

"Awon mi?"

"Awon zane."

Zanen wa ke ƙara tsawo kowace shekara? Na naɗe zaren na mayar inda yake. Da safe na ɗaure kayana, na yi sallama da tsohuwa. Dije ta rako ni har bakin zaure riƙe da taskirata, abin da ba ta yi ba wancan zuwa. Sai da na yi nisa na buɗe in ɗauki goro, na iske zaren ciki, an naɗe shi da ɗan ƙyalle.

Na kwana Wurno, na wuce Rabah. Saura kwana biyar. Ku sani, ina tahiya ina shirya yadda zan iske mace mai taurin zuciya, don in ji sauƙin abin da zan yi mata. Na iske Tumba zaune tana shafa wa wasu 'yan takalman fata mai, ƙanana, an yi musu ƙasa biyu don tahiya. Ga 'yar gora ta ruwa daidai hannun yaro, ta yi mata maratayi. Kulu na kwance bisa cinyarta kitso sabo, kumatu cike cikin wagga shekara ta yunwa, Tumba ko ƙashin wuya duk a waje. Ba sai an gaya mini wa ke ba wa rabonsa ba.

Ta karɓe ni hannu biyu, tun da ni na ba ta gaskiya. Na zauna na fara kaɗi, na bar taskira buɗe. Yaro da taɓe-taɓe, ba a jima ba Kulu ta jawo zaren tana wasa. Ta ce, "Inna, irin na mai albasa!" Ta ruga ta jingina da bango ta miƙe tsaye, ta taka bakin zaren da ƙafa, ta ja shi sama bisa kanta. Ƙulli na biyar ya tsaya mata a goshi.

Tumba ta aje takalmin. Ta dubi yarinya, ta dubi zare, ta dube ni. Ta ce, "Kulu, tahi gidan su Mairi ki yi wasa." Da yarinya ta hita ta ce, "Daga ina?"

"Daga taskirar Dije."

Kai, ban taɓa shan faɗa irin na ranar ba. Ta ce na zo in ƙwace mata ɗiya da makirci. Ta ce ina Dije take lokacin da yarinyar ta yi ƙyanda, ita Tumba ta kwana bakwai ba ta runtsa ba? Ta ce ita da Allah bai ba ta ko ɓari ba, guda ɗayan da anka ba ta shi za a karɓe? Ta ce ai Dije da bakinta ta faɗi gaban kowa. Na bari har ta gaji, tana haki, hawaye na zuba.

Na ce, "Yaya Tumba, ba mai karɓe ta. Ni na yanke, an shafa fatiha, ɗiyarki ce. Ko alƙali ya tambaye ni haka zan ce. Ni na yi tambayar da ba a yi wa uwar ɗan fari, ita ta ba ni amsar da ba ta da wata. Laifina ne, shi na zo in faɗa miki. In kin ce in tashi, yanzu in tashi."

Ba ta ce in tashi ba. Ba ta kuma ƙara yi mini magana ba ranar, har washegari. Ina kaɗi, tana ɗaure kaya tana kwancewa. Na ga ta ɗauki 'yar gorar nan ta cika ta da ruwa, ta juye cikin ƙoƙo, ta tsaya tana kallon yawansa. Bai kai rabin ƙoƙo ba.

Rana ta uku da hantsi ta zo ta zauna kusa da ni, ta ɗauki mazarina tana juyawa. Ta ce, "In na mayar da ita, mutanen Rimawa su ce Garba ya kayar da ni. Ita kuma Dije ba ta iya karɓa, ta riga ta ce ba tata ba ce. Ko an kai mata, gaban tsohuwa ko kan yarinyar ba ta iya shafawa. Yarinyar da ta saba kwana jikina."

Na ce, "Gaskiya ne."

Sai ta ce, "Ke, Aisa. Ɗiyata ce, ko?"

"Ɗiyarki ce."

"To mace in za ta yi tahiya mai nisa, ba ta ba da ɗiyarta riƙo ga wadda ta so?"

Kwana da kwanaki ina neman ƙofa, ashe tana hannun wadda za ta yi asara. Ba ni na gano ta ba, kada ku ji wani ya ce muku ni ce. Tumba ce.

Na aika Rimawa da gaggawa, anka haɗu nan Wurno, cikin wanga gida, don shi ne tsakiya. Ana gobe ayari zai tashi. Gwaggo Hajo ta sa anka hito da ita tsakar gida. Tsohuwa uwar Mani ta zo bisa jaki, Dije na biye. Garba ma ya zo, don rantsuwarsa gidan Rimawa ta kama, ba namu ba, ya tsaya bakin zaure yana hura hanci.

Tumba ta kamo hannun Kulu ta zo gaban Dije ta tsaya. Ta ce, "Dije, ga ɗiyata. Tahiya ta kama ni. Na duba dangi duka, ban ga wadda hankalina ya kwanta da ita ba sai ke. Riƙo na ba ki, ki ji da kyau, ba kyauta ba. In na komo in karɓi abuna. Inna, kin shaida?"

Tsohuwa ta ce, "Na shaida. Amana ce, Dije, ki riƙe ta da kyau, kada in ga kin yi mata riƙon sakainar kashi."

Tumba ta ci gaba. "Ba ta cin miyar kuɓewa. Tana tsoron tsawa, in ana ruwa ki jawo ta jikinki. Kitso ki yi mata da kanki, ba ta son hannun kowa. Kuma ba ta amsa 'ke'. Ban saba mata ba. Sunanta za ki kira."

Dije ta ce, "Na karɓa, Yaya." Ɗiyar wani ba a jin kunyarta, kowa a wurin ya san haka.

Sai Tumba ta kwance bakin zanenta ta hito da zaren. Ta ce, "Na bana ba a yi ba. Auna mini ita, in tahi da shi." Dije ta durƙusa gaban yarinya. Ta sa bakin zaren ƙarƙashin ƙafarta, ta ja shi sama, ta ɗora tafin hannunta bisa kan Kulu. Rabon hannun nan da kan nan tun ranar yaye. Ta daɗe ba ta ɗauke shi ba. Sannan ta ƙulla na shida, ta miƙa wa Tumba da hannu biyu. Garba ya ce bari ya je ya duba jakinsa, ya hita yana share fuska da hannun riga.

Da Tumba ta juya za ta tahi, yarinya ta gane, ta fasa kuka ta bi ta da gudu har ƙofar zaure. Tumba ba ta waiwayo ba, ta san in ta waiwayo ba ta tahiya. Na yunƙura zan kamo yarinyar, Gwaggo ta riƙe mini zane. Dije ta miƙe tsaye tsakar gidan nan, gaban uwar mijinta, ta buɗe baki sau biyu ba abin da ya hito. Na uku ta ce, "Kulu. Kulu, zo."

Yarinyar ta tsaya, ta waiwayo ta ga mai kiranta.

Tumba ba ta komo ba. Bayan shekaru wani alhaji da ya komo ya ce ya bar su can ƙasar Sudan suna aikin auduga, daga nan ba mu ƙara jin komai ba. Kullum na yi salla ina sa ta addu'a, ita da Gwaggo. Na yi shekara arba'in ina wanga aiki bayan nan, na ci gero da albasar mutane, na gode Allah, amma ban ƙara yi wa kowa tambaya gaban taro ba, kuma ban ƙara shiga gida na hito da audugata yadda na shiga da ita ba.

Dije ko, har ta koma ga Allah in an tambaye ta sai ta ce ɗiyar Yaya Tumba ce, riƙo anka ba ta. Amma duk lokacin da na bi ta Rimawa, tun daga bayan danga nake jin ta. Kulu kawo ruwa, Kulu kin ci, Kulu ina kike, ko yarinyar na zaune gabanta. Har matan gidan sunka fara yi mata tsiya, suna cewa za ta ƙarar da sunan. Ita ko sai ta ce musu mi za ta yi, haka mai ɗiya ta ce a yi.